Jan Wake da Sauron Gidanmu

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da aka haramta jan wake a gidanmu na Aliero ba.

Damina ce, ɗiyata ta fari ko zama ba ta fara ba, sauro ya mai da fuskarta kamar bayan kwaɗo. Ta riga ta yi zazzaɓi sau ɗaya, kullum hannuna na kan goshinta. Maigida kuwa ya ce gidan sauro na ragwaye ne. Ragowar maganin feshin albasa yake tsinkawa da ruwa don ya yi auki, ya fesa ɗaki. Da farko sauro na zuba, daga baya sai dai mu mu yi tari.

Akwai wata malamar lissafi, Kirista, da ke haya a maƙwabtanmu. Aikinta, wai, lissafa yadda ƙwari ke sauya hali daga iyaye zuwa jikoki. Na kai mata kukana, ta biyo ni gida, ta ce in kawo faifai da wake. Ta zuba fari da yawa, ja ɗan kaɗan.

"Baban yarinya, farin nan sauro ne mai rauni, jan kuma mai taurin rai. Yi feshi."

Maigida ya kwashe rabin farin yana murmushi. Ta ninka abin da ya rage, ta ce sun haihu. Ya sake kwasa, ta sake ninkawa. Kafin a jima faifai ya yi jawur.

"Ka gani? Ragwayen kake kashewa, kana bar wa jarumai gida su yi aure."

Maigida ya dubi faifan, ya ce, "Ashe kiwo nike."

Inna, uwar mijina, da ke gefe tana kallo, ta tafa hannu. "Ni dai na gane. Jan wake shi ka kawo sauro. Kada in ƙara ganinai gidanga."

Malama ta yi bayani har muryarta ta dushe, Inna ta ce ai da idonta ta gani.

Ranar kasuwar Jega maigida ya sawo gidan sauro, ya ce dama yana da niyya. Fuskar ɗiyata ta washe, Inna ta ce aikin hana wake ne. Yarinyar tana firamare yanzu, ba ta san ɗanɗanon jan wake ba.

Abin da na koya shi ne, duk abin da za ka yaƙa rabi-rabi, horo kake ba shi. Kuma idan ɗiyarka ta samu barci, bar kowa da bayaninsa.