Takwaran Kyaftin Tama

Daga Litinin zuwa Juma'a, Thaddeus mai gyaran jikin mota ne a unguwar Apo, Abuja. Idan mota ta lotse, shi ke bubbuga ta har ta dawo daidai. Ranar Asabar kuwa shi ne Kyaftin Tama, jarumin littattafan zane da wani kamfani ke bugawa a Legas, kuma da shigar jarumin yake zuwa fatin yara.

Mutumin Pankshin ne, ya zo Abuja tun yana saurayi. Wani kwastoma ne ya manta littafin a kujerar bayan motarsa, Thaddeus ya buɗe, ya tarar jarumin maƙeri ne mai gashin baki da jar alkyabba, wanda ya sami ƙarfinsa ranar da dutse ya faɗo daga sama cikin maƙerarsa. "Na ce wannan ai ɗan'uwana ne," in ji shi. Ya yanke sulken ƙirji daga bonet ɗin wata tsohuwar mota, matarsa Perpetual ta ɗinka alkyabbar, ya bar gashin baki ya taru. Ya haddace labarin kaf, har sunan karen jarumin. Shekara da shekaru babu yaron da ya taɓa ƙure shi.

Bara sai kamfanin ya share komai ya sake farawa. Sabon Kyaftin Tama ɗalibin jami'a ne siriri, baƙar riga ɗamammiya, ba alkyabba, ba gashin baki. A ɗakin gwaji ya sami ƙarfinsa. Matar jarumin ta da ta koma malamarsa, babban abokin gabarsa ya zama yayansa, karen kuwa ko ambatonsa ba a yi. Ni da nake kai wa Thaddeus gyaran mota, na kuma karanta tsofaffi da sababbin, sai da na ruɗe.

Madam Felicity, mai shirya fati da ke ba shi aikin, ta gaya masa gaskiya a shagonta da ke unguwar Gudu.

"Oga Thaddeus, yara sun fara cewa kai na bogi ne. Na samo wani yaro, Elvis, ba shi da tumbi. Asabar ɗin nan in ba ta yi kyau ba, shi zan riƙa turawa."

Fatin na 'yar yayana ce, Ummi, da ta cika shekara takwas. Thaddeus ya shigo farfajiyar gidan sulkensa na ƙyalli, ya ɗaga hannu kamar yadda ya saba. Yaran suka bi shi da kallo. Ummi ta matso riƙe da sabon littafi.

"Kai ba shi ba ne. Kyaftin Tama ba shi da alkyabba."

"Zafin Abuja ne, ya cire ya ajiye."

"To wace jami'a ka yi?"

Ya waiwayo ya dube ni, zufa na bin gashin bakinsa. Madam Felicity ta riga ta ciro waya. Daidai nan mahaifiyarmu, Hajiya Rukayya, ta ɗaga murya daga kujerarta: "Ke takwara, bar bawan Allah ya sha ruwa mana."

Thaddeus ya durƙusa, sulken ya yi ƙara.

"Me ya sa Hajiya ta kira ki takwara?"

"Sunanta aka sa mini. Shi ya sa ake ce mini Ummi."

"To kamanku ɗaya?"

"Allah ya kiyaye. Ita haƙoranta a kofi suke kwana."

"Ja'ira," in ji Hajiya. "Da haƙoran kofin zan cinye kek ɗinki."

Da dariya ta lafa, Thaddeus ya nuna hoton da ke bangon littafin. "Wannan yaron takwarana ne. Ranar sunansa ina wurin, har nama na ci. Shi ya yi boko, ni na yi ƙira. Na tsufa, na bar masa aikin."

Ummi ta dubi hoton, ta dubi tumbinsa, ta dubi kakarta.

"To ina karen?"

"Yana Pankshin. Ba ya son hayaniya."

Ta juya ga sauran yaran ta sanar da su cewa wannan shi ne na asali, kowa ya gaishe shi. Suka yi layi, wasu har da rusunawa. Madam Felicity ta mayar da wayarta jaka.

Yanzu su biyu take turawa, shi da Elvis. Thaddeus ne ke fara shiga, sannan ya kira takwaransa ya zo ya gaida mutane. Da na biya ta Apo kwanan nan, na same shi yana bubbuga wani fallen ƙarfe. Ya ce sulke yake yi wa Elvis, domin bai dace yaro ya riƙa faɗa da mugaye da rigar roba ba.