Eufemia Archuleta, Mai Gyaran Fentin Mota a Española

Haihuwarta

An haifi Eufemia Archuleta a shekarar 1949 a ƙauyen Chimayó da ke arewacin jihar New Mexico. Mahaifinta Celestino manomin barkono ne, mahaifiyarta Rosaura kuwa masaƙiya ce, kuma ita ce 'yar farinsu.

Karatu da koyon sana'a

Ta yi firamare a ƙauyensu, ta shiga sakandare a Española, amma a 1965 rashin lafiyar mahaifinta ya tilasta mata barin karatu. Sai ta kama aiki a garejin kawunta Onofre, mai fentin motoci, wanda ya ɗauki shekaru bai bari ta taɓa abin feshi ba, sai samfefa kawai. A wurinsa ta koyi gyaran ƙwarzane mai zurfi, irin wanda ya ratsa fenti har ya kai ga ƙarfe: a goge, a cike gurbin, a sake gogewa, sannan a haɗa launi a fesa. Duk lokacin da ta yi kukan ciwon yatsunta, amsarsa ɗaya ce: "Goge, yarinya, goge. Wa ya ce miki nan gidan hutu ne?"

Aure da iyali

A 1972 aka ɗaura aurenta da Leandro Trujillo, direban babbar mota. Bayan rasuwar kawunta a 1983 garejin ya dawo hannunta, ta kuma shahara a tsakanin masu motocin ado, irin motocin da ake sauke jikinsu har ya kusa taɓa ƙasa. Leandro ya rasu a hatsari a 1994, ya bar ta da ɗawainiyar yara da ta gareji. Daga wannan lokaci tari ya kama ta sakamakon shaƙar fenti, yatsunta kuma suka fara sandarewa, sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin ta iya riƙe cokali.

Barin aiki

A 2012 wani tsohon abokin cinikinta, Benito Maestas, ya kawo mata jar motar da ya gada daga mahaifinsa, wadda wani ya ƙwarzane wa ƙofa da makulli. Ta gyara, aka fito da ita rana. Benito ya daɗe yana duba ƙofar, ya yi godiya, ya tafi. 'Yarta Griselda, wadda ta kawo mata abinci, ita ce ta yi maganar.

"Mama, jan ƙofar nan ya fi na jikin duhu."

"Ke me kika sani game da ja?"

"Kowa ya gani, Mama. Benito kunyarki ya ji."

Eufemia ta zauna a kan gwangwanin fenti, ba ta taɓa abincin ba. Can ta ce, "Kira shi. Ya kai motar birnin Santa Fe a sake fentin. Ni na gaji." Likita ya tabbatar da cewa yanar ido ce ta rage mata gani, aka yi mata aiki ganinta ya dawo, amma ba ta ƙara buɗe garejin ba. Sauran shekarunta ta yi su a gidan Griselda, mafi yawa a zaune.

Rasuwarta

Ta rasu a watan Oktoba na 2021 bayan doguwar jinyar ciwon huhu, tana da shekaru saba'in da biyu. An yi mata addu'a a coci, aka binne ta kusa da iyayenta a Chimayó. Hanyar maƙabartar ta tsakuwa ce, irin wadda masu motocin ado ba sa kusanta, amma a ranar sun bi gawarta a jere har bakin kabari, duwatsu na fallatsa a jikin fentin motocinsu.

Ta bar 'ya'ya uku: Amadeo, ma'aikacin lantarki a Albuquerque, Lucinda, malamar makaranta a Taos, da Griselda, wadda ta yi jinyarta, sai jikoki bakwai. Babu wanda ya gaji sana'ar a cikinsu, domin ita da kanta ta hana su.