Kawu Barau da Ƙoramar Tsamiya

Duk wanda ya san Kawu Barau ya san ba ya haɗiye ruwa sai ya tuhume shi. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya lumshe ido: "Wannan na Ƙoramar Tsamiya ne, ƙasan gonar rogo aka ɗebo." Kuma wallahi haka ne!

Ƙoramar ba wata babba ba ce. Daga fadamar bayan ƙauyenmu take tasowa, ta lanƙwasa sau uku, ta bi gindin lambun albasar Kawu, ta wuce na maƙwabcinsa Malam Audu, ta faɗa kogin Challawa. Da rani akuya ma tsallake ta take yi. Amma Kawu ji yake kamar shi ya haife ta.

Lokacin da ake yanka filayen masana'antu, wani ɗan safiyo ya zo da taswira, ya zana ta sambal kamar sanda.

"Yaro, wannan wace ce?"

"Ƙoramarku ce, Baba."

"Ikon Allah! Aikin soja ta shiga ban sani ba?"

Da aka yi kwalbati kuwa, ya rantse ba zai hau ba. Sai ya naɗe wando ya ratsa ruwa, wai ba ya taka kan wadda ta shayar da shi. Na ce, "Kawu, to yanzu ba cikinta kuke takawa ba?" Ya ce, "Ladi, tunda kika shiga yaƙi da jahilci bakinki ya ƙara tsawo."

Ana nan sai ruwa ya sauya, yau ja, gobe baƙi, albasa ta fara kwanciya. Kawu ya bi ƙoramar da ƙafa har bakin bututun wani kamfanin jimar fata. Wasiƙa uku na rubuta masa da hannuna zuwa kamfanin, shiru kake ji. Rannan ya cika ƙwarya da ruwan, na bi shi har ofishin manaja.

"Ranka ya daɗe, tunda ka zo garinmu ba mu ba ka ruwan baƙunta ba. Bismilla."

Manaja ya toshe hanci. "Haba Baba, wannan ai guba ce!"

"To albasata wata biyu tana sha, ita ba ta da hancin toshewa."

Sati bai zagayo ba aka ɗauke bututun. Aka mayar da shi ƙasa da lambun Kawu, daidai saman na Malam Audu. Na fara guɗa, ya daka min tsawa: "Rufe min baki! Yankan dai ba a fasa ba, wuya aka sauya."

Washegari ya ɗauko igiya, ya raba lambunsa biyu, ya kira Malam Audu ya nuna masa rabinsa. Bawan Allah ya fashe da kuka. Kawu ya ce, "Matsa can ka yi, Audu, hawaye gishiri ne, albasa ba ta so."

Rani shida suka yi suna ban ruwa kafaɗa da kafaɗa kafin ta Allah ta kasance. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda ya yalwata wa maƙwabcinsa. Amin.