Haladu Bai-Wuce-Ba

A unguwar Amriguébé in ka ce Haladu, sai a tambaye ka wanne. In ka ce Bai-Wuce-Ba, ko mai klando, wato ɗan acaɓa, ya san shi, kuma sai ya ja tsaki kafin ya ba ka amsa.

A wajen sunan jikar maigidansa, Alhaji Muttaka mai kilishi, ya samo laƙabin. Surukan Alhaji suka taso daga unguwar Paris-Congo da babban farantin kilishi, aikin gidansu, aka shiga zagayawa da shi. Da aka zo kan Haladu, sai hannu ya yi abin da ya saba. Ya ɗauki yanka ɗaya, ya ɗaga shi a rana, ya lanƙwasa, ya shinshina, ya ajiye a gefen tabarma, ya ce, "Bai wuce ba." Liman na kusa da shi, da loma a baki.

A yi wa Haladu adalci, aikinsa ke nan. Jikan mahauta ne, tun kakansa suna garin nan. Da wani babban kanti ya ce zai riƙa sayen kilishin Alhaji a leda, sharaɗinsa ɗaya ne: a kawo tsarin kalite, wato na duba ingancin kaya. A rufe kai, a wanke hannu, a sa raga saboda ƙuda, a buga kwanan wata a kowace leda, sannan a sami mutum guda wanda in ya ce a'a, ko Alhaji ba zai ce e ba. Alhaji ya duba ma'aikatansa, ya zaɓi wanda dama ba shi da abokin da zai rasa.

Ai kuwa suka ji jiki. Yanka ya yi kauri, bai wuce ba. Labu ya yi ruwa, bai wuce ba. Naman da ya yini a rana yana jiran wuta, Haladu ya taɓa shi da ɗan yatsa ya ce a sake shanyawa. Suka daina kiransa shan shayi. In ya yi sallama, a can ƙasan maƙogwaro ake amsawa.

"Kai Kalite," in ji Hamisu mai yanka, yana wasa wuƙa, "ranar da ka mutu mu za mu duba likkafanin. Wallahi sai mun ce a mayar wa tela."

"In ɗinkin ya karkace, ku mayar," in ji Haladu, bai ko ɗago ba.

To, washegarin suna Alhaji ya kira shi, ransa a ɓace ƙwarai. "A rumfata na sa ka, ba a tabarmar surukaina ba! Ka je ka ba su haƙuri, ka ce kilishinsu ba shi da aibu. In ba haka ba, kalas, magana ta ƙare, kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Sakinatu, matar Haladu, ta raka shi har bakin titi tana biya masa karatu. "Malam, kalma ɗaya ce. Sameh, wato ya yi kyau. Ko da Larabcin ka faɗa, tunda da Hausa ba ta fitowa. Abincin gidan nan a bakinka yake."

Ya je kuwa. Ya durƙusa gaban babban surukin, ya ce bai kyauta ba, ba a yin haka a bainar jama'a. Dattijon ya sauko, har ya sa aka kawo shayi. Da nan aka tsaya, da shi ke nan. Sai tsohon ya gyara zama ya ce, "To, ɗana, mu bar wancan. Kilishin fa? Sameh ko ma sameh, ya yi ko bai yi ba?"

Haladu ya dubi kofin shayi. Ya tuna Sakinatu. Ya buɗe baki da niyya mai kyau, waɗanda ke wurin sun shaida.

"Baba," ya ce, "tunkuzar ta kwana."

Kafin ya iso gida labari ya riga shi. A rumfar Alhaji, Hamisu ya sayi lemo ya raba wa kowa.

Yanzu Haladu yana can Gassi, ƙarshen inda motar haya ke juyawa, da ɗan teburinsa da ragarsa. Cinikin ba yawa, domin rabin abin da ya gasa da hannunsa shi da kansa yake hana shi wucewa, Sakinatu ta kwashe ta zuba a miya tana mita. Kwanakin baya Hamisu ya bi ta wurin, ya tsaya don tsokana kawai.

"Bai-Wuce-Ba! Da ka ce sameh rannan, da yanzu kana inuwa. Me zai ci ka?"

Haladu ya kori wani ƙuda daga bakin raga, ya ce, "Ai na gwada. Ta zo har nan," ya nuna maƙogwaronsa, "na duba ta, ita ma ba ta wuce ba."