Ƙetare Titi a Birnin Ho Chi Minh

Ranar wata Talata cikin damina, shekarar da na gama lakwal ta firamare, na tsaya a bakin wani titi a birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, silifas ɗina a hannu, Baba kuwa ya ɓace mini. Shi Baba kayan gyaran babur yake sarowa daga can, kuma da na ci jarrabawa sai ya ce wannan karon yawon buɗe ido za mu, ba fatauci ba. Ya sa kai cikin titin yana zaton ina biye da shi, ni ko na tsaya yin abin da aka koya mini a gida.

A Sabon Garinmu na Maraɗi, duk ranar da aka aike ni kai niƙa ko sayen tumatirin Jiratawa, Inna sai ta bi ni har zaure tana cewa, “Ki jira 'yan kabu-kabu su wuce, sannan ki ruga da gudu.” Mu yara har gasa muka mai da abin, mu tuɓe takalma mu sheƙa. To, a can babura ba sa wucewa su ƙare. Na jira har ƙafafuna suka gaji, ban ƙara hango hular Baba ba. Ban san sunan masaukinmu ba, ban san kalma ɗaya ta yarensu ba. Na tattare zanena na yi bisimilla zan ruga.

Sai na ji an damƙe mini hannu. Wata tsohuwa ce mai tallar 'ya'yan itace, da malfa kamar ta manoman fadama. Ta girgiza kai, ta ja ni cikin titin a hankali, ba tsayawa ba sauri. Ashe haka ake yi a garin: mai babur yana auna tafiyarka ne ya kauce, wanda ya ruga shi ake bankewa. Baburan suka riƙa rabuwa da mu hagu da dama kamar ruwan sama ya iske turmi a tsakar gida.

Da muka ƙetare, muka tarar da Baba yana ta kiran sunana, murya ta dushe. “Hadiza, ɗiyata, mi ya tsai da ke?” Bai jira amsa ba ya rungume ni. Ya yi wa tsohuwar godiya da Hausa, ya ƙara da Faransanci, ita dai dariya kawai take yi.

An kai ni kasuwanni da bakin kogi, amma duk sun dushe a raina. Abin da ya zauna shi ne hannun Baba yana rawa cikin nawa har masauki, mutumin da ban taɓa ganin ya tsorata ba. Yanzu ya rasu, kuma ina zuwa inda nake so ni kaɗai. Babu sauran mai riƙe ni haka.