Takalmin Gudun Yaya

Bakina ba ya iya riƙe labari yadda aka ba shi, sai ya ƙara masa gishiri. Yayata da ke aure a Ingila ta taɓa gaya mini a waya cewa tana zuwa wani gida na mata zalla, ta hau wani inji tana gudu a kansa. Na tambaye ta ina injin yake kai ta, ta ce ba ya zuwa ko'ina. Washegari na kai labarin teburin mai shayi a Kibiya. Na ce Yaya tana gudu tun safe har azahar ba ta bar inda take ba, Turawa sun jeru suna tafa mata. Aka yi dariya har wani ya ƙware da shayi. Da na ga kasuwa ta yi kyau, sai na ƙara mata gajeren wando. Ni na ɗinka wandon nan da bakina, kuma duk labarin shi kaɗai mutane suka riƙe. Lokacin shari'a ba ta daɗe da zuwa ba, kowa ya zama malami, har mai faci yana ba da fatawa.

Bayan shekara ɗaya Yaya ta zo gida da jaririnta. Da ƙyar na gane ta. Wadda a da take ɗauko tulu daga rijiya tana tsere da ni, ga ta tana haki daga bakin mota zuwa zaure, ƙafafunta a kumbure. Na ji tana gaya wa Inna cewa tun da ciki ya tsufa ta daina zuwa gidan injin. Aka yi mata tiyata wajen haihuwa, sanyi ya shigo, mijinta kullum yana makaranta, ba mai riƙe mata yaro ko na ɗan lokaci. Jininta ya hau ya ƙi sauka. Likita ya ce ƙwaya kaɗai ba za ta isa ba, sai ta koma tafiya kullum har ta yi gumi, in ba haka ba abin zai iya kayar da ita. Shi ya sa ta roƙi mijinta ta zo gida, inda akwai hannuwan ɗaukar yaro da hanya a buɗe. A ƙasan akwatinta akwai farin kambas sabo fil.

Da gari ya waye ta sa dogon hijabi da kambas ɗin, ta ce in raka ta hanyar Tarai. Ba mu yi nisa ba ɗan acaɓa ya tsaya ya ce Hajiya ta hau kyauta, bai kamata 'yar Turai ta taka ƙasa ba. Wata tsohuwa ta tare mu tana tambayar wa ya rasu, don ba ta ga dalilin da zai sa matar aure sauri haka da sassafe ba. Sai kuma yara. Ban san daga ina suka fito ba, kamar an buɗe akurkin kaji. Suka biyo mu a baya suna leƙen ƙasan hijabinta, suna jira ta fara gudun. Wani ƙaramin mara kunya ya ce, "Hajiya, yaushe za a nuna wandon?" Yaya ta tsaya cak, ta dube shi, ta dube ni. Ni kuwa na tsunduma kallon wata gonar gyaɗa kamar ban taɓa ganin gyaɗa ba.

Da rana Baba ya dawo daga masallaci fuskarsa ba walwala. Wani malamin allo, abokinsa, ya ja shi gefe ya ba shi shawara. Baba bai yi faɗa ba. Ya ce da Yaya a hankali, ya yarda babu abin da ta yi, amma bakin mutane ya riga ya buɗe, kuma amanar wani ce a hannunsa. In da dalili ta fita, in babu ta zauna.

Sai Yaya ta shiga neman dalili. Ta tuno duk dangin da muke da su har Unguwar Gai, ta ce gaisuwa za ta. To ai ba a zuwa gaisuwa a tashi da ciki wayam. Wannan gida a kawo dambu, wancan a yanka zabuwa, a rugar maƙwabtanmu a dama mata fura da kindirmo a ƙwarya mai girman kwanon wanka. In ta ce ta ƙoshi a ce Turai ta sa ta raina abincin gida. Sannan a kira acaɓa a biya, don kada a ce an bar baƙuwa ta koma a ƙasa. Ni dai na yi kumatu a watan nan, ita kuma kambas ya fara matse ta.

Rannan ta ga 'yan matan gidanmu suna surfen gero. Ta ajiye yaro, ta ɗaura zani, ta karɓi taɓarya. Na rantse ban ga fuskarta ta saki irin na lokacin ba tun zuwanta. Tana luguden har da jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe, gumi yana bin wuyanta. Sai ga Inna ta fito daga madafa. Yaya 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunanta, ba ta ma cika kallonta ido da ido ba. Ta zo ta riƙe taɓaryar, tana magana da turmi.

"A sakar wa yara aikinsu. Mai ɗinki a ciki ba ta daka, baƙo ma ba ya daka a gidan nan."

"Inna, ni ce baƙuwa?"

"A je a zauna. Ga kunu can yana hucewa."

Yaya ta saki. Ta zauna a kan tabarma ta sha kunun har ƙasa. Na san Inna ba ta da wata hanyar nuna mata so sai ta kwano, amma ko ni da ba na rasa abin cewa, ranar bakina ya mutu.

Ta gwada zagaya tsakar gida, daga rumbu zuwa turken awaki, ta dawo. Gwaggonmu ta zo ta tarar da ita tana wannan kewaye ita kaɗai, ta ja Inna ɗaki tana raɗa cewa a nemo rubutu, irin haka ake farawa. Daga nan Yaya ta daina. Kullum tana zaune a inuwar darbejiya, yaro yana yawo daga hannu zuwa hannu, ita kuma ba inda za ta.

Ana gobe za ta koma ta kira ni tana haɗa kaya. Ta miƙo mini kambas ɗin, har yanzu da jar ƙasar hanyar Tarai a gindinsa.

"Auta, wandon nan wane launi ka ce?"

Na ce ja. Ban san me ya sa na faɗi gaskiya ba. Ta yi 'yar dariya, ta ce da ma shuɗi na zaɓa mata, ja ba ya yi mata kyau. Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na ce zan je teburin mai shayi in ce ƙarya na yi. Ta ce in bari, ba wanda zai yi dariya, don haka ba wanda zai kai labarin gaba.

Na je duk da haka. Mai shayi ya ce to, ya ci gaba da soya ƙwai.

Ta koma Ingila ana tsakiyar sanyinsu, ba ta sake zuwa gidan injin ba. Kafin damina ta zagayo mijinta ya bugo waya ya ce ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Yanzu a asibiti ake koya mata tafiya, tana dafa ƙarfe dama da hagu. Kambas ɗin bai shige ni ba, yana ƙarƙashin gadon Inna.