Yaya Bukari da Ɗanɗanon Maganin Ciyawa

Damina tara ke nan da aka binne yayana Bukari, amma har yau in na ji ƙarar famfon feshi sai gabana ya faɗi.

Ni mai tuwo-tuwo ce a Zangon Kumasi, wake da shinkafa nake sayarwa, kuma shinkafar gonar Yaya nake dafawa tun ina amarya. Wata fadama ya kama haya a bayan gari. Ba ya dashe, don ba shi da masu taya shi, watsa iri yake yi kai tsaye. Wanda ya san shinkafar watsi kuwa ya san sharrinta: rana ɗaya take tsira da ciyawa. Akwai ma wata ciyawar da ba ka bambanta ta da shinkafa sai ta fid da kai, lokacin ta riga ta shanye gonar. Shi ya sa rabin rayuwar Yaya ta tafi a feshi.

Bai yarda da rubutun jikin kwalba ba, a cewarsa ba kowace kwalba ke faɗin gaskiya ba. In ya sirka magani da ruwa sai ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe, in ɗacin ya kama, to haɗi ya yi. In bakin famfo ya toshe, ya kwance shi, ya karkata kai, ya sa a baki ya hura. Har maƙwabtan gona ke kawo nasu ya ɗanɗana musu. Ina yi masa tsiya cewa ya fi ni iya ɗanɗana miya, shi kuwa ya yi ta dariya.

Da ƙaiƙayi ciwonsa ya fara, sai tari, sai ƙafafu suka kumbura. Likita ya ce ƙoda ce, ya tambayi sana'arsa, aka gaya masa. Ba zan rantse maganin ne ya kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma ni na riƙa riƙe masa kwanon amai, kuma na san warin da na ji.

Da zai dawo yau, ina jin fadamar za ta ba shi tsoro. Ciyawar ta daina jin maganin da ya saba da shi. Samarin da ake kira cirar hannu sun tafi haƙar zinariya. Babban ɗansa Mutaru, wanda ya bar gyaran mota a unguwar Suame ya karɓi gonar, yanzu magani iri biyu yake sayowa a kasuwar Kejetia ya gauraya.

Makon jiya na kai masa abinci gona. Ina tsaye a kan kunya famfon ya toshe. Ya kwance bakin, ya karkata kai kamar yadda ubansa ke yi, ya hura. Kulata ta faɗi daga hannuna.

Na ce, "Mutaru, ka manta yadda babanka ya ƙare?"

Ya tofar da yawu ya ce, "Anti, ciyawa nga ba shi mutuwa kuraa, ko kaɗan. In na bari yau, gobe ba shinkafa."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ba ni tsoro. Na cire allurar ɗankwalina na ba shi ya riƙa tsokale bakin da ita. Ya karɓa da hannu biyu, ya maƙala a riga. Ina juya baya na ji ya yi tari. Wataƙila ƙura ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake.

Yaya ya bar mana abubuwa masu kyau. Ya bar iri mai ƙamshi, ya bar sunan da ba a taɓa kai ƙararsa ba, ya bar ɗa mai zuciyar nema. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma da can daɗin maganar nake ji.

Ranar Juma'a aka yi masa addu'ar shekara a ƙofar gida. Liman ya dafa kafaɗar Mutaru ya ce Allah ya sa ya gaji ubansa a komai. Daga ƙofar gida har tsakar gida aka ɗauki amin. Ni na ɗaga hannu tare da kowa, amma bakina ya ƙi buɗewa.